Dashen Albasar Inna a Hanyar Tudu

Ni 'yar fatake ce. Mahaifina da jakuna ya yi rayuwarsa, yana kai gishiri da kanwa tsakanin Yelwa da garuruwan tudu. Kafin a sa ni makaranta, inda na yi aji uku, na riga na iya ɗaurin mangala. A gidanmu ba a jibga kaya, jera su ake yi. Abin da za a nema a ƙarshe shi ke shiga farko, abin da za a nema a hanya shi ke sama. Ruwa kuwa shi ake fara ɗora wa jaki, sannan a duba wurin da ya rage wa sauran kaya.

Mijin da na aura mutumin gungu ne, wani tsibiri a tsakiyar Kwara, ƙasar Ngaski. A gidan, mu huɗu ne manya: maigida, da uwarsa da muke kira Inna, da ƙaninsa, da ni, sai 'ya'yana biyu ƙanana. Ƙanin nan ba yaro ba ne, da gemunsa, matarsa ta je goyon ciki gidansu a lokacin. Tsakanina da shi wasa ne kamar yadda aka saba, amma shi bai san inda wasa ke tsayawa ba. Maza suna su a kogi, Inna kuma albasa take nomawa, kuma albasar ita ce ƙarfin gidan. Iri ne da ta gada wurin uwarta, ja, mai tauri, wadda ke kaiwa damina a rumbu ba ta ruɓe ba. A kasuwar Yelwa ana gane ta da ido.

Maganar tare kogi a Kainji ba ta zo mana kwatsam ba. An daɗe ana zuwa ana faɗa. An gina sababbin gidaje a tudu, mutanen gungunmu da yawa sun koma tun da rani. Inna ta je ta gani, ta dawo ta ce gida dai gida ne, amma ba ta ga inda za ta kafa jigon ban ruwa ba. Ƙaninta da ke zaune wajen Shanga ya aiko cewa akwai fili a bakin kogi inda tafkin ba zai kai ba, mu zo. Na ce mu tashi kafin damina, da irinmu a cikin gora, hankali kwance.

"Ke ɗiya," in ji Inna, "kogin ga tun ba a haife ni ba yake cika yana janyewa. Bana ne zai manta hanyarshi?"

Da ruwan sama ya ɗauke sai ta yafa irin gaba ɗaya. Na ce ta rage ko cikin tafin hannu. Ba ta rage ba.

Ruwan bai zo da ƙara ba. Kullum da safe sai mu ga ya ci wani abu, yau turken awaki, gobe hanyar masallaci. Lokacin da ya saba janyewa ya yi, bai janye ba. Ya shanye fangalan da aka gyara don dashe, ga albasa ta kai tsawon taƙi a makwancinta, ta isa a cire, babu inda za a kai ta. In ta mutu, babu amfanin shekara, kuma babu sauran iri a ko'ina, don 'yan'uwan Inna da suka koma tudu sun bar noman. Sai a ranar Inna ta ce mu tafi.

Na ɗauka a jirgi za mu. Maigida ya ce a'a. Ruwan ya yi faɗi, iska na tayar da igiya irin wadda ƙananan jiragenmu ba su saba da ita ba, ga itatuwa a tsaye a ƙarƙashi ba a ganinsu. Jirgin wani maƙwabcinmu ya hau kan giginya ya kife da geronsa, da ƙyar ya tsira. Hanyar bakin kogi kuma ta nutse. Abin da ya rage shi ne mu zagaya ta tudu, mu kwana a daji zango uku ko huɗu. Na aika wa yayana a Wara, ya kawo aron jakuna huɗu da kayan ɗaurinsu. Muka ƙetare da kayanmu zuwa gaɓa, muka sauke a ƙofar wani abokin maigida, a nan za a yi shiri.

Na shimfiɗa tabarmi na fara jera kaya. Farko hatsi da dutsen niƙa da fartanyoyi, waɗanda ba za a taɓa ba sai mun isa. Sannan zana da tabarmi na kwana. Sannan tukunya biyu, da guzuri, kifin banda da gumba da ƙuliƙuli. Ina cikin haka na ji jaki ya yi wani irin kuka. Na waiwaya, na ga ƙanin maigida ya ɗora buhun gero a tsakiyar bayan dabbar, ya aza dutsen niƙa a kai, ya ƙara da turmi, duk a tsibi ɗaya, babu ko akumari, shimfiɗar da ake yi wa bayan jaki. Jakin ya dube shi, ya lanƙwashe ƙafafu, ya zauna.

"Mi kake yi haka?"

"Nauyi a tsakiya ake sa shi, matar yaya. Kowa ya sani."

"A jirgi ke nan. Wannan jaki ne. Gefe da gefe ake yi mishi, su yi daidai."

"To ai bai nutse ba."

"Sauke."

"An ji, Madugu."

Daga ranar sunan ya bi ni. Na sa shi ya sauke, na nuna masa sau biyu. Ya ɗaura, na kwance. Ƙullinsa na masu jirgi ne, mai kyau, ba ya kwancewa, amma a hanya ƙullin da ake so shi ne wanda za a ja sau ɗaya kaya su sauka in jaki ya faɗi. Na faɗa masa haka, ya ce shi bai taɓa jin an ɗaure abu don ya kwance ba.

Da la'asar ni da Inna muka koma gungu muka cire dashen. A nan ba ni da abin koya mata. Tana cira tana ɗaurewa dami-dami, tana shafe saiwar da laka, hannunta ba ya kuskure. Muka jera a kwanduna uku, muka rufe da tsohon buhu mai danshi da ganye. Abin da ba ta sani ba shi ne tafiya da shi, don ita duk rayuwarta in ta cire da yamma, kafin magariba ya shiga ƙasa. Na ce mata za a riƙa yayyafa masa ruwa safe da rana da yamma, kaɗan-kaɗan, kada ya bushe kada kuma ya jiƙe. Saboda haka na ware jaki guda don ruwa kawai: salka biyu, wato jakar fata ta ruwa irin ta fatake, da manyan goruna, da guga da igiyarta.

A nan rigima ta tashi, don maza suna son wurin. Akwai taru, katon ragar nan da sai mutum biyu ke ɗauka, da filafilan tuƙa jirgi guda uku. Na ce a bar su wurin mai masaukinmu tare da jirgin, in an gane kan ruwan a dawo a ɗauka.

"Masunci ya tahi ba taru?" in ji ƙanin. "In kawu ya gan mu hannu sake mi zai ce?"

"Zai ce kun zo da albasa da rai."

Na dubi maigida. Ya ce, "To." Na zauna da shi shekaru, amma sai a tafiyar nan na gane cewa "to" ɗinsa iri biyu ne, akwai ta yarda, akwai ta a bar maganar. Suka juya harshensu na gungu, wanda nake ji rabi-rabi, na ɗauka zancen jirgi suke yi.

Bayan sallar asuba na cika salkunan da gorunan da hannuna, na ɗora, na ɗaure, na jijjiga na tabbata. Inna ba ta da sauri, don haka muka shirya ni da ita da yara mu yi gaba da jakin dashe tun da sanyi, maza su yi sallama da mai masauki su biyo mu da sauran. Kwando biyu a kan jaki, na uku Inna ta ce ita za ta ɗauka a kanta. Na ce zai gajiyar da ita. Ta ce kanta ne.

Rana ta take tsaka muka tsaya gindin wata tsamiya. Na ba yara ruwa daga ƙaramar gorata, na yayyafa wa dashen kaɗan ina cewa yanzu salka za ta iso. Can sai ga su. Tun daga nesa na ga jakin ƙarshe da wasu abubuwa sun miƙe sama kamar ƙahoni. Filafilai ne. A ƙarƙashinsu taru, an ɗaure shi tamau da igiyar gugata.

Na tashi tsaye. "Ina salkunan da gorunan?"

"Suna nan lafiya lau wurin mai masauki," in ji ƙanin. "Har mun zubar da ruwan, kada fatar ta lalace."

"Kun zubar."

"Haba Madugu. Ruwa ya kore mu daga gida, kuma mu ɗauke shi a jaki mu tahi da shi? Mutane su gan mu su yi dariya?"

"Gugar fa?"

"Wagga 'yar fata? Mi za a yi da ita?"

Na juya wurin maigida, don shi ne babba. Bai ga laifin komai ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da gangan suka yi da na san yadda zan yi da su. Ya ce, cikin natsuwa, "Ki kwantar da hankalinki. In an ji ƙishi sai a gangara."

"A gangara ina?"

Ya juya hagu, inda kogi yake kasancewa in mutum na tafiya arewa. Babu komai sai jan dutse da geza da busasshiyar ciyawa har iyakar gani. Ya juya dama. Ya sake juyawa hagu. Mutumin nan tun da aka haife shi bai taɓa nisa da ruwa fiye da jifa ba. In yana jirgi hannu yake sawa ya sha. Ruwa a wurinsa ba kaya ba ne, kamar a ce mutum ya yi guzurin iska.

Komawa ba ta yiwu ba, yini guda za mu ɓata, dashen kuma ba ya jira. Na tattara abin da muke da shi: gorata da ta yi rabi, da butar Inna. Na ce daga yanzu babu mai sha sai ta hannuna. Yara farko, dashe na biyu, Inna na uku, jakuna in an samu, maza a ƙarshe.

"Har jaki ya riga mu?"

"Jaki bai zubar da komai ba."

Gab da magariba muka kai wani ƙauye mai rijiya. Ƙanin ya leƙa, ya ja da baya, ya ce wannan ai kabari ne. Matan garin suka ara mana guga, suna kallon mazanmu suna ja igiya tana zame musu, suna rufe baki da gyale. Muka sha, muka shayar da jakuna, muka yi zango a bayan gari. Sai dai abin zuba ruwan gobe babu, don haka na kwance kayan da na jera, na fito da tukwanen girki biyu. Aka gaya mana gaba sai an yi yini guda cur kafin a ga wata rijiya.

Da safe na cika tukwanen, na sa ganye a baki don kada su fantsama, na ɗauki ɗaya, na aza wa ƙanin ɗaya. Bai taɓa ɗaukar ruwa a ka ba. Yana tafiya yana rangaji kamar mai tsayuwa a jirgi, ruwa na zuba ta gemunsa, yana cewa ai wanka ne ya samu. Kafin hantsi ya yi tuntuɓe, tukunya ta tashi daga aiki. Ya tsaya yana kallon ƙasa tana shanyewa, ya ce, "Ikon Allah, dubi yadda take sha." Na ci gaba da tafiya. Na san in na buɗe baki abin da zai fito ba na wasa ba ne.

Ranar nan ita ce mai wuya. Babu inuwa sai jefi-jefi. Tukunya ɗaya ga mutum shida da kwando uku. Da azahar na ɗaga buhun kwandon da ke ɓangaren rana, na ga ganyen ya kwanta, bakinsa ya fara fari. Inna ta zo ta duba. Ta ɗauki butarta za ta yi alwala, ta tsaya, ta dubi butar, ta miƙo mini.

"Zuba mishi."

"Inna, sallar fa?"

"An ce akwai wadda ake yi da ƙasa." Ta rage murya don kada 'ya'yanta su ji. "Ɗiya, yaya ake yin ta?"

Tsohuwa da furfura, ba ta taɓa barin salla ba, amma ba ta taɓa yin taimama ba, don ba ta taɓa rasa ruwa ba. Na durƙusa na nuna mata bi da bi: niyya, a buga tafi a ƙasa mai tsarki, a shafi fuska, a sake bugawa, a shafi hannuwa. Ta yi, ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ta ce ita ba ta ji kamar ta yi komai ba. Mazan suna gefe suna satar kallo, sai na ga su ma sun durƙusa suna kwaikwayo. Maigida ya fara da hannuwa kafin fuska, na gyara masa.

Da yamma muka faɗa wata busasshiyar ƙorama, yashi fari fat, da sawun shanu ya bi ta ya tsaya a wata kwana inda ciyawa ke da sauran kore. Na ce a sauke kaya, a fito da fartanyoyi. Suna can ƙasan mangala inda na sa su, don ban yi zaton za a neme su ba, sai da aka zazzage komai a kan yashi. Na nuna wuri na ce su tona.

"Yanzu kuma kabarin wa?" in ji ƙanin.

"Naka, in ba ka yi sauri ba."

Suka tona har gwiwa, yashi ya yi duhu. Suka kai cinya, ruwa ya fara tsattsafowa a hankali, gurɓatacce. Maigida ya tsuguna yana kallonsa ya daɗe. Muka jira ya kwanta, muka ɗiba da ƙwarya. Na yayyafa wa kwandunan daidai gwargwado, na jera su a inuwar gaɓa, na ce kada wanda ya taɓa su. Na faɗa da Hausa, na sa Inna ta maimaita da harshensu.

Da asuba na je dubawa, na tarar da biyu. Na ukun yana cikin ramin, a zaune cikin ruwa har wuya. Ƙanin yana tsaye a kai, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Na ga kin damu, matar yaya. Na ce bari wanga ya sha ya ƙoshi, ya rama na jiya. Ki ga yadda ya miƙe."

Ya miƙe ɗin kuwa. Na ciro shi, laka duk ta narke daga saiwar, ruwa na zuba. Na ce a buɗe shi ya sha iska kafin mu tashi, amma rana ba ta jiranmu, dole aka rufe aka ɗora. Kafin la'asar, in ka matso kusa da jakin, wari ne ke tare ka. Na sa hannu a tsakiyar kwandon na ji zafi kamar tuwo. Wannan karon ƙanin bai ce Madugu ba. Ya karɓi tukunyar ruwa daga kaina ya rungume ta a ƙirji, haka ya tafi da ita har zango, bai zubar da ko ɗigo ba. Ban yaba masa ba.

Washegari da hantsi muka hango kogi. Mazan suka saki jakuna suka ruga kamar an kira su, suka faɗa da rigunansu. Kawu ya fito da murna, yana cewa a kawo fura, a shimfiɗa tabarma. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ya yi mini haƙuri, fura ta jira, a nuna mana filin. Ya dubi yayarsa, ta ce, "Yi yadda ta ce."

Muka zazzage kwandunan a inuwa muka tsince ɗaya bayan ɗaya. Na ɓangaren rana ya bushe, ganye yana karyewa a hannu, sai 'yan dami kaɗan na can ƙasa. Wanda ya kwana a rami ya zama yauƙi, ko tsinke ba mu ɗauka ba. Na kan Inna, wanda ta lulluɓe da mayafinta tun daga gida, ya yi laushi amma da ransa. Na kira mazan daga ruwa, na ba su fartanya. Kafin rana ta faɗi mun dasa abin da ya saura. Filin da kawu ya ba mu, ko kusurwarsa ba mu cika ba.

Inna ta ƙi shiga gida. Kullum tana bakin fangalan da ƙwarya. Wasu suka kwanta ba su tashi ba. Bayan 'yan kwanaki sauran suka ɗaga kai, sabon ganye ya huda ta tsakiya. Ta bi su layi-layi tana taɓawa, sannan ta tara mu ta yanke hukunci: bana babu sayarwa, babu ci. Duk wadda ta yi kai za a adana a sake binnewa ta yi fure, a sami iri. Wanda ya tsinki ko lawashi ɗaya, shi da ita.

Haka aka yi. Iri ya tsira, shekara ta tafi. Gidan manoman albasa, ni ce nake ɗaukar ƙoƙo in shiga maƙwabta roƙon wadda zan sa a miya, mutanen da ban sani ba, ina bayanin kaina a kowace ƙofa. In na kawo tuwo, Inna ta ɗanɗana, ta ture kwanon kaɗan.

"Wagga albasa ta wa ce?"

"Ta gidan liman ce, Inna."

"Ruwa ce zalla. Gobe ki gwada wani gida."